Yadda Ake Daidaita Alƙaluman GPS da Kamfas: Gyaran Karkatar Maganaɗisu

Na'urar GPS tana nuna 072, kamfas da ke gefenta yana nuna 084, alhali jirgi ɗaya ne kuma hanya ɗaya yake bi. Wanda bai saba ba sai ya ɗauka ɗayansu ya lalace. Galibi duka biyun lafiyarsu ƙalau, kowanne dai daga tasa arewar yake fara ƙidaya. Lissafin da ke haɗa su bai wuce tarawa da ɗebewa ba. Inda ake faɗawa rami shi ne lambar da aka rubuta ko aka faɗa ba tare da an ce daga wace arewa aka auna ta ba, sai a gyara abin da na'ura ta riga ta gyara, ko a bar abin da kowa ya zaci wani ya gyara.

Arewa uku ake aiki da su

Ta farko ita ce arewa ta haƙiƙa, wato wurin da duniya take juyawa a kansa, inda duk layukan lonjitud suke haɗuwa. GPS da ita take lissafi tun asali, domin ba ruwanta da maganaɗisu ko kaɗan. Daga saƙon taurarin ɗan'adam take gane inda take. A fuskar na'ura ana yi mata alama da harafin T.

Ta biyu arewar maganaɗisu, inda allurar kamfas take nunawa, alamarta M. Allura tana kwanciya ne bisa layin ƙarfin maganaɗisun duniya a daidai inda kake tsaye, kuma wannan ƙarfi yana fitowa daga narkakken ƙarfe da ke motsi can cikin duniya, wajen kilomita 2,900 ƙarƙashin ƙafarka. Kwanar da ke tsakanin arewa ta haƙiƙa da inda allura ta nuna ita muke kira karkatar maganaɗisu. Idan allura ta karkata dama da arewa ta haƙiƙa, karkatar gabas ke nan, ana rubuta ta da E ko da alamar tarawa. Idan ta karkata hagu, ta yamma ce, W ko alamar ɗebewa.

Girmanta ya danganta da wuri. A Siyatil ta Amurka ta kai kimanin digiri 15 gabas, a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ta haura 25 yamma, a Welintin ta Niyu Zilan ta haura 20 gabas. Akwai kuma wuraren da take sifili. Ba ta kuma zama wuri ɗaya: a Landan wajen shekarar 1580 tana kusan digiri 11 gabas, ta sauko sifili wajen 1660, ta kai kimanin 24 yamma wajen 1820, sannan ta juyo har ta sake zama sifili a unguwar Girinic ta Landan a 2019. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa lambar karkata da ba ta da shekara a jikinta rabin lamba ce.

Ta uku arewar layukan taswira, alamarta G. Sai mai aiki da taswirar ƙasa irin ta UTM, wato tsarin da ya raba duniya yanki-yanki da layukan murabba'i, take damu, za mu zo kanta.

Lissafin kansa

Daga haƙiƙa zuwa maganaɗisu, wato daga GPS ko taswira zuwa kamfas: in karkatar ta yamma ce a ƙara, in ta gabas ce a rage. Daga kamfas zuwa taswira sai a juya: gabas a ƙara, yamma a rage.

Haddar wannan kaɗai ba ta da tabbas, domin ranar da aka gaji ko aka ruɗe sai a juya ta. Gara a gane dalilin. Ana ƙidaya digiri ne daga arewa a bi ta dama, yadda hannun agogo yake tafiya. A ce arewar maganaɗisu tana digiri 12 a hagun ta haƙiƙa. Mai ƙidaya daga can ya fara ne daga baya, sai ya ci digiri 12 kafin ma ya iso arewa ta haƙiƙa, sannan ya ci gaba zuwa inda aka dosa. Dole lambarsa ta fi girma. Shi ya sa 072 T ta zama 084 M. Duk lokacin da shakka ta zo, ka zana layi tsaye a takarda, ka zana allura a gefen da take karkata, ka zana hanyarka, ka duba wace kwana ta fi faɗi. Daƙiƙa goma ne.

Wanda yake aiki da alamomi, kamar mai rubuta manhaja, ƙa'ida ɗaya ta ishe shi: T daidai take da M a tara da karkata, gabas tana da alamar tarawa, yamma ta ɗebewa. Sai a kula da gefen 360. Hanya 010 T a wurin da karkata take 15 gabas tana ba da 5 ƙasa da sifili, a ƙara 360 ta zama 355 M. Haka in ka auna wani tsauni da kamfas ka sami 350 M inda karkata take 14 gabas, jimla 364, a cire 360, saura 004 T. Ka riƙa rubuta lambar da alƙaluma uku da harafinta kullum, 004 T, ko a littafi ko a rediyo. Lamba tsirara ita ce tushen yawancin matsalar.

Kada a raina digiri ɗaya. Kuskuren digiri ɗaya yana kauce da kai mita 17 da rabi a kowace kilomita, kusan kashi ɗaya cikin sittin na tafiyar. In aka manta da karkatar digiri 12 gaba ɗaya, bayan kilomita 10 an kauce da fiye da kilomita 2. In kuwa aka rage inda ya kamata a ƙara, kuskuren ninkawa yake yi ya zama digiri 24, kaucewa wajen kilomita 4. Wato gyaran da aka juya ya fi rashin gyara muni sau biyu.

Inda ake samun lambar da ta dace

Na'urorin GPS ba sa auna karkata. Suna ɗauke da wani tsarin lissafi a cikinsu, a ba shi wuri da kwanan wata ya fitar da lamba. Wanda aka fi amfani da shi shi ne WMM, wanda hukumar NOAA ta Amurka da hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya, BGS, suke haɗawa. Duk shekara biyar ake sabunta shi. Na yanzu ya fito a Disamba 2024, zai yi aiki zuwa ƙarshen 2029. Akwai ɗan'uwansa IGRF da masana kimiyya suka fi so, domin yana komawa baya har 1900. Hukumomin biyu suna da shafin lissafi a intanet kyauta: ka sa latitud, lonjitud da kwanan wata, ya ba ka karkata da kuma yadda take sauyawa a shekara. A yawancin duniya kuskurensa ba ya wuce rabin digiri sosai.

Matsalar ita ce tsohuwar na'ura da ba a sabunta manhajarta ba. Ko dai ta tsaya a kan lambar shekarun baya, ko ta ci gaba da hasashe a kan saurin sauyin da ya riga ya canza. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Matattarar maganaɗisu ta arewa, wato wurin da layukan ƙarfin maganaɗisun duniya suke nufar ƙasa a tsaye, wadda James Clark Ross ya fara isa gare ta a arewacin Kanada a 1831, ta daɗe tana tafiya a hankali, sannan daga shekarun 1990 ta ƙara sauri har ta kai fiye da kilomita 50 a shekara ta nufi Sibiriya. Sai da ta sa aka fitar da gyaran WMM na gaggawa a farkon 2019 kafin wa'adinsa ya cika. Don haka ka nemi lambar da na'urarka take amfani da ita, ka gwada ta da ta shafin NOAA. In na'urar ba ta nuna lambar ƙarara, ka zaɓi wani wuri mai nisa da ka ajiye a cikinta, ka karanta alƙiblarsa a saitin T, ka sauya zuwa M ka sake karantawa. Bambancin shi ne karkatar da take amfani da ita. In ya wuce digiri ɗaya daga abin da shafin ya ce, sai a sabunta manhaja, ko a bar na'urar a T a riƙa yin lissafin da hannu.

Taswirar teku tana ba da lambar a cikin da'irar kamfas da aka buga a jikinta, kamar haka: 4°15'W 2015 (8'E). Ma'anarsa a 2015 karkata digiri 4 da minti 15 ce yamma, kuma duk shekara tana matsawa minti 8 zuwa gabas. A 2025 shekara goma ke nan, minti 80, wato digiri 1 da minti 20. Tunda sauyin gabas yake yi, karkatar kuma ta yamma ce, raguwa take yi: 4°15' a cire 1°20', saura 2°55' yamma. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe wajen shigar da ita a na'ura, su rubuta 2.55. Minti sittin ne a digiri, saboda haka 55 a raba da 60, lambar 2.92 ce. Wannan hanyar ninkawa tana da kyau na 'yan shekaru, amma taswirar da ta shekara ashirin ko talatin ba a dogara da ita, domin saurin sauyin shi ma sauyawa yake.

Saita na'ura

A saitin alƙibla na yawancin na'urori, irin na Garmin da makamantansu, za ka tarar da zaɓi huɗu: haƙiƙa, maganaɗisu, layin taswira, da wanda kai za ka sa lamba da hannu. Zaɓin ya danganta da abin da za ka haɗa GPS ɗin da shi.

In da taswirar takarda kake aiki kana jan layi, bar ta a T. In kana karanta lamba daga GPS kana ɗora ta kai tsaye a kan kamfas na hannu wanda ba a taɓa shi ba, sa ta a M, na'urar ta yi maka lissafin. In kuma kamfas ɗinka irin wanda yake da ɗan ƙusa a bayansa ne da ake juyawa a saita karkata, kuma ka riga ka saita, to ya koma nuna haƙiƙa, dole GPS ta kasance a T. Haɗa kamfas da aka gyara da GPS da ke M gyara biyu ne a kan abu ɗaya, kuma zai kauce da kai daidai girman karkatar wurin, ta ɗaya ɓangaren.

Zaɓin sa lamba da hannu shi ya fi haɗari, don ba ya bin ka. Ka sa 12 yamma a inda ka tashi, ka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa inda karkata ta koma 7, na'urar tana nan tana ƙara 12. Bai dace ba sai ga mai aiki a yanki ɗaya ƙarami wanda ya auna karkatar wurin da kansa. Shawararmu ga duk mai na'urori da yawa a jirgi: a ajiye komai a haƙiƙa, taswira, GPS, hanyar da aka tsara, a mayar da lamba zuwa maganaɗisu sau ɗaya tak, a mataki na ƙarshe, lokacin da za a ba wanda yake kallon kamfas. A rubuta saitin da aka zaɓa a manna kusa da na'urar don wanda zai karɓi tuƙi.

Sawu daban, fuska daban

Wannan shi ne wurin da ya kamata a daɗe a kai, domin ko an yi duk lissafin sama daidai, lambobin za su iya ƙin haɗuwa. GPS mai eriya ɗaya ba ta san inda goshin jirgi yake kallo ba. Abin da ta sani shi ne inda eriyar take matsawa a doron ƙasa. Wannan shi ne sawu, a fuskar na'ura ana rubuta shi COG ko TRK. Kamfas kuwa fuska yake nunawa, inda goshi ya dosa, ana rubuta shi HDG. Ka ɗauki kwale-kwale mai gudun kilomita 10 a awa, ruwa yana jansa ta gefe da kilomita 2 a awa. Goshinsa yana kallon wuri guda, shi kuma yana tafiya a karkace da kusan digiri 11. Mai ganin wannan bambanci zai iya ɗauka karkatar maganaɗisu ce ba a saita ba, ya je ya ɓata saitin da yake daidai. Iska tana yi wa jirgin sama da jirgi maras matuƙi irin wannan.

Sawu kuma sai da gudu yake da ma'ana. Na'urar tana fitar da shi ne daga saurin tafiya, kuma ma'aunin saurin yana da ɗan kuskure. A ce kuskuren mita 0.1 ne a daƙiƙa. In kana gudun mita 5 a daƙiƙa, wato kilomita 18 a awa, kwanar da zai jawo digiri ɗaya ce da 'yan kai. In kana tafiyar rabin mita a daƙiƙa, ta haura digiri 11. In ka tsaya cak, lambar yawo kawai take yi, ko ta daskare a kan ta ƙarshe. Don haka ba a gwada GPS da kamfas a tsaye.

Wasu na'urorin hannu da wayoyi suna da ɗan kamfas na lantarki a ciki, kuma sukan sauya da kansu: in kana tafiya su nuna sawu daga tauraro, in ka tsaya su koma kamfas ɗin. Wannan na biyu maganaɗisu yake aunawa, sai na'urar ta tara masa karkata kafin ta nuna haƙiƙa, kuma duk ƙarfen da ke kusa yana jansa. Yana buƙatar a daidaita shi, ta hanyar juya na'urar yadda ta umarta ko kaɗa waya a iska kamar ana rubuta 8, a fili nesa da mota da wayar wuta. A sake yi bayan sauya batir, domin batura ma suna da nasu jan.

Mai son fuska ta gaskiya daga tauraro sai ya nemi na'ura mai eriya biyu. Tana gwada saƙon da ya iso kowace eriya ta fitar da alƙiblar layin da ke tsakaninsu, ko jirgi yana tsaye. Tazarar mita ɗaya tsakanin eriyoyin tana ba da fuska da kuskuren ƙasa da digiri ɗaya, in aka ƙara tazara ya ƙara raguwa. Lambarta T ce tun daga tushe, ba ta buƙatar gyaran karkata sai in za a kai ta ga kamfas. Abin lura kawai shi ne a kafa eriyoyin a kan layin tsakiyar jirgi, ko a auna kwanar da suka kauce a shigar a saiti.

Jan ƙarfen jirgi

Kamfas da aka kafa a jirgi ko mota ba ya nuna arewar maganaɗisu tsantsa. Inji, lasifika, wayoyin batir, rediyo, har wuƙa da aka ajiye kusa, duk suna jan allura. Wannan jan daban yake da karkatar duniya: karkata wuri take bi, shi kuwa fuskar jirgi yake bi, yana sauyawa duk lokacin da aka juya. Ƙa'idar lissafinsa iri ɗaya ce, sai dai bayan karkata yake zuwa. Hanya 072 T, karkata 12 yamma, ta zama 084 M. In jan ƙarfe a wannan fuskar 3 ne gabas, a rage, abin da za a riƙe a kamfas 081 ne.

Ana iya amfani da GPS a fitar da jadawalinsa. A zaɓi ranar da iska ta kwanta da wurin da ruwa ba ya gudu. A sa GPS a T, a kunna duk kayan wutar da aka saba tafiya da su. A riƙe kamfas a 000, a yi gudu mai kyau daidai wa daida na minti ɗaya ko biyu har lambar sawu ta nutsu, a rubuta. A maimaita a 045, 090, har a cika fuska takwas. Kowane sawu a mayar da shi maganaɗisu, a gwada da abin da kamfas ya nuna. Misali kamfas 090, sawu 081 T, karkata 12 yamma, maganaɗisu 093: jan ƙarfe 3 gabas ke nan a wannan fuskar.

Yadda lambobin takwas suka jeru yana faɗin inda ciwon yake. In duka sun karkata gefe ɗaya da girma kusan ɗaya, ba ƙarfe ba ne: ko lambar karkatar da aka yi amfani da ita ba daidai ba ce, ko an kafa kamfas ɗin a karkace da layin jirgi. In kuskuren gabas ne a wata fuska, yamma a kishiyarta, akwai maganaɗisu ko waya mai ɗauke da wuta a kusa. In alamar tana juyawa sau huɗu a zagaye ɗaya, baƙin ƙarfe ne da maganaɗisun duniya yake shiga. Sai dai a yi hattara, jan ruwa yana kwaikwayon na biyun sak, domin shi ma tura ka yake dama in ka dosa can, hagu in ka juyo. Hanyar rarrabewa ita ce a sake gwajin da ninkin gudu. In kuskuren ya ragu da rabi, ruwa ne. In yana nan yadda yake, ƙarfe ne. Wayoyin wuta biyu da suka bi kusa da kamfas a murɗe su tare kamar igiya, jan ɗaya sai ya kashe na ɗayar. Jan da ya wuce digiri biyar ko shida ya cancanci a nemo musabbabinsa a kawar, maimakon a rubuta shi a jadawali a zauna da shi.

Inda na'urori suke magana da juna

A jirgin da GPS take haɗe da na'urar tuƙi, rada da allon taswira, saƙonnin suna tafiya ne da tsarin NMEA 0183 ko NMEA 2000, wato ƙa'idojin da na'urorin jirgin ruwa suke musayar bayanai da su. A na farko, kowane layin saƙo yana da suna mai haruffa uku: jimlar RMC tana ɗauke da sawu a haƙiƙa, bayan kwanan wata kuma sai gurbi biyu na karkata da harafinta, kamar 072.0,150625,012.0,W. VTG tana ba da sawu iri biyu, T da M. HDT fuska ce a haƙiƙa, HDM a maganaɗisu, HDG kuma tana ɗauke da abin da kamfas ya auna tare da gurbin jan ƙarfe da na karkata. A NMEA 2000 karkata tana da nata saƙon, mai lamba 127258.

Abubuwa uku ne suke yawan lalacewa a nan. Ƙananan na'urorin GPS da yawa suna barin gurbin karkata a RMC babu komai, mai karɓa kuma ya ɗauki babu a matsayin sifili, ya nuna lambar haƙiƙa da harafin M a gefenta. Na biyu, mai rubuta manhaja ya karanta 012.0 ya manta da harafin W, duk karkata ta zama ta gabas. Na uku, na'urori biyu kowace tana aika tata karkatar, ɗaya da sabon tsari ɗaya da tsoho, fuskar jirgi a allo ta riƙa tsalle da digiri ɗaya ko biyu. Maganin shi ne a zaɓi tushe ɗaya a saiti a kashe sauran. Alamar da ake gani da ido ita ce hoton rada da aka ɗora a kan taswira ya juya ya ƙi hawa kan gaɓar teku, ko layin goshin jirgi da layin sawu su rabu da kwana ɗaya a kowace fuska cikin ruwa mai kwanciya. A jirgi maras matuƙi mai manhajar tuƙi ta ArduPilot, in saitin COMPASS_AUTODEC yana kunne manhajar da kanta take nemo karkata daga wurin da GPS ta bayar. Mai sa lamba da hannu a COMPASS_DEC ya tuna radiyan ake sawa, wato wani ma'aunin kwana daban da digiri, digiri 12 yamma shi ne 0.209 da alamar ɗebewa. Jirgin da fuskarsa ta kauce sosai yakan riƙa zagaye yana faɗaɗa da'ira lokacin da aka ce ya tsaya wuri ɗaya.

Taswirar UTM

Layukan tsaye na taswirar UTM ba su dace da arewa ta haƙiƙa ba sai a tsakiyar yanki. Kowane yanki faɗinsa digiri 6 ne, lonjitud ɗin tsakiyarsa kuma ana samunsa da ninka lambar yankin sau 6 a cire 183. Yanki na 33 tsakiyarsa 15 gabas. Bambancin da ke tsakanin G da T kusan shi ne nisanka daga tsakiyar a digiri, a ninka da sayin na latitud, wato sin a kalkuleta. A lonjitud 17 gabas, latitud 50 arewa, 2 sau 0.766, digiri 1.5, kuma arewar taswira tana gabas da ta haƙiƙa, sai a rage daga T a sami G. Kusa da latitud sifili abin ƙanƙane ne. Taswirori da yawa suna buga kwanar da ke tsakanin G da M kai tsaye a gefe. Wanda ya auna hanya daga layukan taswira da ita zai yi aiki, bayan ya gyara ta zuwa shekarar da ake ciki.

Matuƙan jirgin sama suna da nasu ƙarin. Lambobin titin sauka da maganaɗisu ake sa su, shi ya sa filin Stansted na Ingila ya sauya nasa daga 05/23 zuwa 04/22 a 2009. Tashoshin VOR, wato tashoshin rediyo na ƙasa da ke nuna wa jiragen sama hanya, kuma suna riƙe da karkatar ranar da aka saita su, don haka layinsu yakan bambanta da na GPS da 'yan digiri ba tare da wani ya lalace ba.

Gwajin ƙarshe a ƙasa, da wuraren da lissafi ba ya aiki

Kafin a dogara da saiti, a tabbatar da shi a fili. Ka zaɓi abu tsayayye da kake hange daga nesa, hasumiya ko kan tsauni, wanda ka san wurinsa a GPS. Nisa yana da muhimmanci: kuskuren mita 5 a wurin da kake tsaye yana zama kusan digiri 3 in abin yana mita 100, amma kashi uku cikin goma na digiri in yana kilomita ɗaya. Ka karanta alƙiblarsa a T, ka auna shi da kamfas na hannu kana nesa da mota, shinge da turakun wuta da aƙalla mita ashirin ko talatin, waya da makullai kuma ba sa jikinka. T a cire M ita ce karkatar wurin. In ta dace da ta shafin NOAA cikin digiri ɗaya ko biyu, komai ya zauna. In bambancin ya yi daidai da ninki biyu na karkata, an juya alama a wani wuri. In bai yi kama da komai ba, ka matsa mita ɗari ka sake aunawa.

In lambar ta sauya da wannan matsawar, ƙasar ce. WMM babban ƙarfin cikin duniya kawai yake lissafawa, bai san dutsen da ke ƙarƙashinka ba. Duwatsun aman wuta da ma'adinin ƙarfe suna iya kauce da allura digiri da yawa, yankin Kursk na Rasha shi ya fi shahara da wannan, kuma taswirorin teku sukan yi gargaɗi a irin wuraren. Guguwar maganaɗisu daga rana ita ma tana girgiza allura da 'yan digiri na wasu awoyi a ƙasashen can arewa da can kudu. Kusa da matattarar maganaɗisu kuwa ƙarfin da ke juya allura yana raunana domin layukan ƙasa suke nufa. WMM yana gargaɗi inda ƙarfin kwance, wato mai juya allura, ya gaza nanotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 6,000, inda ya gaza 2,000 kuma ya ce kada a dogara da kamfas sam. Shi ya sa a sararin samaniyar arewacin Kanada da arewa ta haƙiƙa ake tuƙi da sa wa tituna lamba. A irin waɗannan wurare a bar GPS a T, a ɗauki fuska daga eriya biyu ko daga jairo, wato na'urar nuna fuska da ba ta dogara da maganaɗisu ba, a bi sawu zuwa wurin da aka ajiye ana duba lambar kaucewa daga layi, wadda na'ura take nunawa da XTE, domin ita ba ta dogara da kowace irin arewa ba.